Varenicline, cytisine, bupropion ko filasta: wanne ya fi dacewa da mai son barin sigari?

Duk wanda ya daɗe yana shan sigari ya san rantsuwar dare. Tari ya hana shi barci, ya murƙushe sauran karan da ke cikin kwali, ya ce daga yau an gama. Kwana biyu ko uku, sai ga shi a gaban mai tireda yana cewa a ba shi kara ɗaya tak. Jama'a kan ce rashin zuciya ne, amma alƙaluma sun nuna cewa haka abin yake ga kusan kowa. Ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken kiwon lafiya, ta fitar da wani babban nazari a 2023 wanda ya tattara gwaje-gwaje sama da 300 da aka yi a kan mutum fiye da 150,000. Abin da aka gano shi ne, cikin mutum 100 da suka yi yunƙurin bari ba tare da magani ba, kusan 6 ne ke kai wata shida ba su koma ba. Masu shan varenicline ko cytisine, kusan 14 ne ke tsallakewa. Masu haɗa filastar nikotin da cingam ɗinsa, kusan 12. Masu bupropion, ko nau'in nikotin guda ɗaya kawai, wajen 9.

Mutum 14 cikin 100 ba abin a buga ganga ba ne, kuma duk wanda ya ce maka yana da maganin barin taba na sha yanzu magani yanzu, kuɗinka yake so. Sai dai ninki biyu da ɗoriya ne a kan wanda ya tunkari abin da ƙarfin hali kawai. Waɗannan magunguna huɗu su ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a ƙa'idar da ta fitar a watan Yulin 2024 kan yadda za a taimaki manya su bar taba. Uku daga ciki ƙwayoyi ne da ba su ɗauke da nikotin, kuma likita ne ya kamata ya rubuta su.

Kafin a gwada su, sai an san abin da ake yaƙa. Zuƙa ɗaya tana kai nikotin ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi kaɗan. A can akwai wasu gurabe da yake maƙalewa, su sa a saki sinadarin dopamin, wanda ke kawo wannan ɗan sanyin rai da mashayi ke ji. Shekara da shekaru ana haka, guraben sai su ƙaru, su saba. Ranar da aka hana su, sai saurin fushi, rashin natsuwa, yunwa, rashin barci da kasa tattara hankali su taso. Abin ya fi tsanani a makon farko, yakan lafa cikin mako uku zuwa huɗu. Aikin maganin shi ne ya raka mutum ya wuce wannan kwazazzabo.

Varenicline shi ne wanda zan fara nema in da ni ne. Kamfanin Pfizer ne ya fito da shi a 2006, da sunan Chantix a Amurka, Champix a sauran ƙasashe. Yana zuwa ya zauna a guraben da nikotin ke nema, ya ɗan motsa su daidai yadda ƙishirwar taba za ta ragu, sannan ya tare wurin. Kamar fasinjan da ya riga ka zama a kujerar gaba ne a tasha: nikotin ya iso ya tarar an cika. Shi ya sa masu shan sa kan ce sigarin ya daina daɗi, ana zuƙa amma ba a jin komai. Wannan ne fifikonsa a kan filasta, domin ko mutum ya yi tuntuɓe ya sha kara ɗaya, ba ya samun ladan da zai ja shi ga na biyu.

Ana fara shi ne tun mutum yana shan tabarsa, mako ɗaya zuwa biyu kafin ranar da ya tsayar zai daina. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana uku na farko rabin miligiram sau ɗaya a rana, daga kwana na huɗu zuwa na bakwai rabin miligiram safe da yamma, daga kwana na takwas kuma miligiram ɗaya safe da yamma har a cika mako 12. In ka lissafa, ƙwaya 165 ke nan. Babbar matsalarsa tashin zuciya, wanda ke samun kusan mutum uku cikin goma. Akasari yana sauƙi idan an sha bayan cin abinci da cikakken kofin ruwa, in kuma ya ƙi, likita na iya mayar da mutum kan rabin miligiram. Akwai kuma mafarkai masu ƙarfi, irin waɗanda mutum zai farka yana tuna su dalla-dalla. Gara a san da wannan tun farko, kada a ɗauka wani abu ne daban a nufi wajen mai ruƙiyya. Ƙoda ce ke fitar da shi daga jiki, don haka mai ciwon ƙoda mai tsanani sai an rage masa. A ɗaya ɓangaren kuma, da wuya ya yi karo da wasu magunguna, abin da ke da muhimmanci ga mai shan maganin hawan jini, na suga ko na ƙanjamau.

Wanda ya bincika sunansa a intanet zai ci karo da labarai masu tayar da hankali, don haka bari a fayyace su. A 2009 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta sa aka buga gargaɗi mafi tsanani a takardar bayanin varenicline da ta bupropion, bayan rahotannin cewa wasu masu shan su sun shiga damuwa har da tunanin kashe kai. Daga nan aka shirya wani gwaji mai suna EAGLES da mutum 8,144, kusan rabinsu masu tarihin larurar ƙwaƙwalwa, aka buga sakamakonsa a mujallar Lancet a 2016. Ba a ga wani ƙarin haɗari na a zo a gani ba idan aka gwada da filasta ko ƙwayar da ba magani a cikinta, kuma a ƙarshen shekarar FDA ta cire wancan gargaɗi. Gwajin ya kuma jera magungunan kafaɗa da kafaɗa: a ƙarshen mako 12, kashi 33.5 cikin 100 na masu varenicline ba sa shan taba, masu filasta kashi 23.4, masu bupropion kashi 22.6, masu ƙwayar da ba magani kashi 12.5. Duk da haka, barin taba shi kansa yana jijjiga rai. In iyali suka ga mutum ya canza, ya yi shiru fiye da kima ko yana maganganun fid da rai, a dakatar da maganin a koma wa likita a ranar. Mai shan giya kuma ya sani cewa varenicline na iya sa ta fi kama shi.

Labari na biyu na 2021 ne, lokacin da Pfizer ya janye Champix daga kasuwa saboda an sami wani gurɓataccen sinadari na dangin nitrosamine fiye da ƙima a cikin ƙwayoyin. Matsalar ta sarrafawa ce, ba ta maganin kansa ba. Wasu kamfanoni sun ci gaba da yin sa da sunansa na asali, kuma hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta dawo da shi a ƙarshen 2024. Saboda haka a nemi varenicline, kada a nace sai Champix, kuma in aka miƙo maka tsohon kwali mai wannan suna, ka duba kwanan watansa da kyau.

Cytisine shi ne kakan varenicline, domin daga ƙirarsa masu binciken Pfizer suka samo tasu. Ana ciro shi daga irin wata bishiya mai ruwan ɗorawar fure da ake kira laburnum, kuma kamfanin Sopharma na Bulgeriya yana sayar da shi da sunan Tabex tun 1964. Ya shafe shekaru da dama a Gabashin Turai ba tare da likitocin Yamma sun waiwaye shi ba, sai da wani gwaji da aka yi a Poland da mutum 740 ya fito a 2011: bayan shekara guda kashi 8.4 na masu cytisine ba su koma ba, a kan kashi 2.4 na waɗanda ba su sami maganin ba. A Ostareliya an gwada shi kai tsaye da varenicline a 2021, aka sami kashi 11.7 a kan 13.3 bayan wata shida. Cytisine bai kamo varenicline ba, amma tazarar ba ta da yawa, kuma masu cytisine sun fi ƙarancin tashin zuciya da mafarkai. Birtaniya ta fara ba da shi a farkon 2024.

Abin da ke jan hankali gare shi biyu ne: kwana 25 kacal ake yi, kuma a ƙasashen da ake yin sa ya fi varenicline araha nesa ba kusa ba. Kwali ɗaya mai ƙwaya 100 shi ne maganin gaba ɗaya, ka saya sau ɗaya ka huta. Wahalarsa tana wajen jadawali. Kwana uku na farko ƙwaya ɗaya duk bayan awa biyu, har shida a rana. Daga kwana na 4 zuwa na 12 duk awa biyu da rabi, guda biyar. Daga nan huɗu, sai uku, sai ɗaya ko biyu a kwanaki biyar na ƙarshe. Dole kuma a ajiye sigari kafin kwana na biyar ya wuce. Ma'aikacin ofis mai waya a gabansa zai iya saita ƙararrawa. Direban da ke kan hanyar Kano zuwa Legas, ko ɗan kasuwar da ciniki ke ɗauke wa hankali, zai sha mantuwa. Takardar da ke cikin kwalin ta hana shi ga wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, ba ta ba da shawarar sa ga wanda ya haura shekara 65 ko mai ciwon ƙoda ko hanta ba, sannan ta ce kada a haɗa shi da magungunan tarin fuka. Wannan na ƙarshe ya shafe mu sosai, domin mai tarin fuka yana cikin waɗanda likita zai fi matsa wa su bar taba.

Bupropion kuwa asalinsa maganin ciwon damuwa ne. Wata likita a Kalifoniya, Linda Ferry, tana cikin waɗanda suka fara gwada shi a kan mashaya taba, kuma a 1997 aka amince da shi don wannan aiki da sunan Zyban. Ana fara shi mako ɗaya ko biyu kafin ranar dainawa, miligiram 150 sau ɗaya a rana na kwana uku (shida a tsarin Birtaniya), sannan sau biyu, da tazarar aƙalla awa takwas, na mako 7 zuwa 12. Yana busar da baki, yana hana barci. Yana da amfani ga wanda damuwa ta taɓa kamawa, yana kuma ɗan rage ƙibar da ke biyo bayan barin taba muddin ana shan sa.

A nan ne nake da ja. Bupropion na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ga kusan mutum 1 cikin 1,000, kuma wannan lissafin na waɗanda likita ya tantance ne. An hana shi ga mai farfaɗiya, da wanda ke yanke giya ko ƙwayoyin barci irin su diazepam farat ɗaya, da mai larurar ƙin cin abinci ko yin amai da gangan. Wanda ya taɓa mummunan buguwa a ka ma sai an yi taka-tsantsan. Haɗarin yana ƙaruwa idan ya haɗu da tramadol, da magungunan dangin ciprofloxacin, da wasu na zazzaɓin cizon sauro irin su chloroquine, da theophylline na masu asma. Duba jerin nan ka tuna yadda muke rayuwa. Zazzaɓi ya kama mutum, ya tsaya a kemis, a haɗa masa na maleriya da na taifot a leda ɗaya, ba wanda ya tambayi abin da yake sha a gida. Matashin da ke shan tramol don ƙarfin aiki kuma ba zai faɗa wa likita ba sai an yi da gaske. A ƙasar da kowane magani ke bi ta hannun likita ɗaya mai fayil, bupropion zaɓi ne mai kyau na biyu. A wurinmu ina ganin shi ne na ƙarshe, sai ga wanda likitan ƙwaƙwalwa ya san tarihinsa ciki da waje. Ba a tauna ƙwayar, ba a raba ta, kuma in an manta ɗaya ba a haɗa biyu.

Saura nikotin na magani. Wasu kan yi mamaki, wai a bar nikotin da nikotin. Amma abin da ke kashe mashayi hayaƙin ne, mai ɗauke da sinadarai wajen 7,000, kusan 70 daga ciki masu jawo kansa. Nikotin shi ne ƙugiyar da ke riƙe mutum. Filasta tana sakin sa a hankali ta fata ba tare da hayaƙi ba. Mai shan fiye da kara goma a rana kan fara da mai miligiram 21 na mako shida, sai 14 na mako biyu, sai 7 na mako biyu. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa kan filasta ita kaɗai. Ita tana riƙe jiki ne a matsakaici, ba ta da abin yi da ƙishirwar da ke tasowa bayan an ci tuwo ko an zauna a teburin mai shayi. Nan cingam ke shigowa, mai miligiram 2, ko 4 ga wanda ke kunna karan farko cikin rabin awa da tashi daga barci. Ba a tauna shi kamar na yara: a ɗan tauna har a ji yaji, a ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, in yajin ya tafi a sake. Abin sha mai tsami kamar zoɓo, lemo ko kofi yana hana shi shiga jiki, don haka a bar minti 15 tsakani. A watannin zafi gumi kan ɓamɓare filasta, sai a manna ta a busasshiyar fata marar gashi, a riƙa canza wuri kullum saboda ƙaiƙayi. Haɗin nan biyu ya kusa kamo varenicline, kuma a ƙasashe da yawa ba ya buƙatar takardar likita.

Mace mai ciki ko mai shayarwa ba ta da zaɓi cikin ƙwayoyin nan uku. In ta kasa bari da shawara kawai, nikotin na magani ne likita zai duba mata. Mai shan ƙwayar tazarar haihuwa da ke son cytisine kuma an ce ta ƙara da wata hanyar kariya. Direbobi da masu aiki da inji su jira su ga yadda varenicline ko bupropion zai karɓe su kafin su hau hanya, domin sukan sa jiri.

Mutane da yawa kan ɗaura niyyar bari a watan azumi, tunda an riga an saba da wuni ba hayaƙi, kuma a nan magungunan sun bambanta ƙwarai. Varenicline ya dace da watan kamar don shi aka yi: ɗaya a buɗa-baki, ɗaya a sahur, duka bayan abinci, sai dai a fara shi tun cikin Sha'aban domin ya kama jiki. Cytisine ba ya shiga ko kaɗan, tunda a kwanakin farko ana shan sa duk bayan awa biyu. Ko a gama shi kafin ganin wata, ko a bari sai bayan salla. Bupropion zai iya shiga tsakanin magariba da asuba, amma zai ƙara wa ɗan barcin da ya rage wahala. Cingam sai da dare. Game da filasta, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta sa abin da fata ke tsotsa, irin su man shafawa da filastar magani, cikin abubuwan da ba sa karya azumi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa.

Akwai wani abu da ya shafi kowa, ko wane magani ya zaɓa. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin narkar da wasu sinadarai, in aka daina sai su taru a jini. Kafeyin na cikinsu. Mutum ya bar sigari ya koma cin goro da shan kofi don ya rage kewa, sai ya ji zuciya na bugawa, hannu na rawa, barci ya ƙaurace, ya ɗora wa maganin laifi ya watsar. A rage goro da kofi zuwa rabi a makonnin farko. Masu shan theophylline, warfarin, olanzapine ko clozapine, da masu allurar insulin, su sanar da likitansu ranar da za su daina, domin wataƙila a sake musu awo.

Batun samu shi ne zai yanke hukunci ga mafi yawanmu. Ba kowane kantin magani ke ajiye waɗannan ba, daga waje ake shigo da su, farashinsu kuma yana bin dala. Shawarata ita ce kada ka haɗiyi ƙwaya ta farko sai ka tabbatar da inda ta ƙarshe za ta fito. Varenicline na mako huɗu da ya yanke saboda kaya sun ƙare bai kai filasta da cingam da aka kammala ba. In da hali a sayi na mako 12 gaba ɗaya, a babban kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kafin ka ce ya yi tsada, lissafa kuɗin sigarinka na wata uku ka ajiye kusa da shi. Likitan da ya fi sanin waɗannan magunguna galibi yana sashen lafiyar ƙwaƙwalwa ne, kamar na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri, domin su ke kula da duk wani nau'in jaraba. Zuwa can ba ya nufin mutum ya taɓu.

In an tattara: mai lafiyar ƙoda da zai iya samun na mako 12 na gaske, varenicline. Wanda ya sami cytisine, zuciyarsa lafiya, ba ya kan maganin tarin fuka, kuma zai iya bin agogo, ya sami hanya mafi gajarta. Mai shan magunguna da yawa, ko wanda ba ya son ƙwaya, ko wanda likita ya yi masa nisa, filasta da cingam tare. Bupropion sai an faɗa wa likita gaskiyar duk abin da ake haɗiya, har wanda ake jin kunyar faɗa.

Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, amma kowa ya san ana sayarwa a kowace kwana, don haka tuntuɓe abu ne mai araha. In ya faru kana kan varenicline, bupropion ko filasta, kada ka jefar da maganin, ka ci gaba da sha ka sake tsayar da rana. Cytisine ne ya bambanta: in kwana biyar suka wuce kana shan taba kamar da, ana dakatarwa ne a sake gwadawa bayan wata biyu zuwa uku. Wanda kuma ya kai mako 12 a kan varenicline bai sha ko kara ɗaya ba, amma yana jin ƙafarsa ba ta tsaya da kyau ba, likita na iya ƙara masa wasu mako 12.